Yohanna Harrison, Masassaƙin Ƙauye da Agogonsa na Teku

Ya mai karatu, ga labarin wani masassaƙi na ƙasar Ingila, wanda ya yi shekara 60 da ɗoriya yana sunkuye bisa aikinsa, da ƙanensa da matarsa da ɗansa kewaye da shi, har aikin hannunsa ya zama sanadin kuɓutar mutane masu yawa daga halaka cikin teku. Sunansa John Harrison. John ɗin nan shi ne Yohanna a bakinmu, haka kuwa za mu riƙa kiransa.

An haife shi cikin shekara ta 1693 a Foulby, wani ɗan ƙauye na lardin Yorkshire, a arewacin Ingila. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya biyar. Ubansa Henry masassaƙi ne, irin wanda a ke ce da shi kafinta. Sunan uwarsa Alisabatu. Wajen shekara ta 1700 suka yi ƙaura zuwa Barrow, a bakin kogin Humber. Can yaron ya girma, can kuma ya koyi sana'ar ubansa, har ya san halin itace sarai: wanda ke kumbura da danshi, da wanda ke tsagewa, da wanda ya kan zauna yadda aka bar shi.

Bai shiga wata babbar makaranta ba. Amma wani mai wa'azi da ya kan zo majami'ar Barrow ya ga saurayin yana da ƙishin sani, sai ya ara masa wani littafi rubutun hannu. Koyarwar Nicholas Saunderson ce a ciki, wani makaho masanin lissafi na jami'ar Cambridge, a kan nauyi da motsi da yadda na'urori ke aiki. Yohanna ya kwafe shi duka da hannunsa, har da zane-zanen, ya yi shekaru yana bitarsa yana ƙara nasa rubutu a gefe. Wanda ya ba da aron nan bai san irin da ya shuka ba. A majami'ar kuwa Yohanna ba ɗan kallo ba ne. Ya kan buga ƙararrawa, ya kan daidaita amonta in ya kauce, daga baya har ya zama shugaban mawaƙa. A ganina kunnen nan da ya saba jin murya in ta karkace ko kaɗan, shi ne ya yi masa rana sa'ad da ya soma sauraron bugun agogo.

Cikin 1713, yana ɗan shekara 20, ya ƙera agogonsa na fari. Da shi ke masassaƙi ne, kusan duka da itace ya yi shi, har da ƙafafun nan masu haƙora da ke juyawa a ciki. Haƙorin itace ya kan karye in an yanka shi a kan ketaren jijiya; saboda haka ya kan shirya itacen yadda jijiyarsa za ta bi tsawon kowane haƙori. Mai sayen agogo ba ya ganin wannan, gama yana can ciki a rufe. Fuska da hannuwa kaɗai ya ke dubawa. Amma uku daga cikin agogunan nan na ƙuruciyarsa, na 1713 da 1715 da 1717, suna nan har wa yau ana adana su a Ingila.

Ya yi aure cikin 1718. Sunan matar Alisabatu, kamar uwarsa. Shekara ta kewayo ta haifa masa ɗa, aka sa masa sunan ubansa. Zamansu bai daɗe ba, gama ta rasu cikin 1726, ta bar shi da yaro ɗan shekara 7. Kafin shekarar ta ƙare ya sake aure, ita ma wannan Alisabatu. Ta haifa masa William cikin 1728, da 'ya mace cikin 1732, aka kuma sa mata Alisabatu. Da wannan mata ya zauna kusan shekara 50, cikin rashi da samu, har mutuwa ta raba su.

Wajen 1722 wani mai arziki ya sa shi ya yi masa babban agogo a bisa ɗakin dawakinsa a Brocklesby. A nan Yohanna ya fara nuna ba kwaikwayo ya ke yi ba. A zamanin nan mai shi ne babban abokin gāban agogo. Kowa ya san yadda man shanu ke daskarewa da sanyi, ya narke da zafi. Haka man agogo ya ke yi, ya kuma kama ƙura, sai agogon ya yi sauri yau ya yi nawa gobe. Yohanna ya ce a ransa gara a rabu da man ɗungum. Ya samo wani itace mai nauyi na ƙasashen zafi, wanda ke fid da maiƙo da kansa, ya sa shi a wuraren da ke gogayya. Ya kuma ƙago wata dabara ta sakin ƙafar agogo ba tare da gugar juna ba, wadda a ke kira fara, domin motsinta ya yi kama da shurin ƙafar fara.

Ƙanensa James, wanda Yohanna ya girme shi da shekara 11, ya shiga aikin tare da shi. Tsakanin 1725 da 1727 suka yi agoguna masu tsawo na jingine a bango. A nan suka yi maganin wata cuta kuma. Lilon agogo, wato sandar nan mai nauyi a ƙasa da ke kai da kawowa, ya kan ƙara tsawo da zafi, agogon ya yi jinkiri. Da sanyi kuwa ya takure, agogon ya yi gaggawa. Yohanna ya lura tagulla ta fi baƙin ƙarfe miƙewa da zafi. Sai ya jera sandunan biyu, wannan kusa da wannan, yadda miƙewar ɗaya zuwa ƙasa za ta biya miƙewar ɗaya zuwa sama, tsawon lilon ya tsaya yadda ya ke. To, da me za a gwada agogon da ya fi dukan agogunan ƙauye gaskiya? Da taurari ya gwada. Ya kan tsaya da dare, ya daidaita idonsa da gefen tagarsa da bututun hayaƙin gidan maƙwabcinsa, yana jiran wani tauraro ya ɓuya bayan bututun. Kowane dare tauraron ya kan riga jiya da minti 3 da sakan 56, ba ƙari ba ragi. Bisa ga shaidarsa, agogunan nan ba su kan kauce fiye da sakan 1 cikin wata guda ba. Sakan kuwa kashi ɗaya ne cikin 60 na minti.

Yanzu sai mu bar Barrow kaɗan, mu duba abin da ke damun masu tafiya a teku a lokacin, gama in ba mu gane shi ba, ba za mu gane sauran ran mutumin nan ba.

Matuƙin jirgi yana iya sanin nisansa wajen arewa ko kudu in ya auna tsayin rana da tsakar rana. Amma nisansa wajen gabas ko yamma, wannan ba shi da wata alama. Sai dai ya yi kirdado daga gudun jirgin da inda ya dosa. Kirdado kuwa cikin hazo da duhu ya kan kai mutum bisa dutse. Cikin watan Oktoba na 1707 jiragen yaƙin Ingila guda 4 suka faɗa kan duwatsun tsibiran Scilly da dare suna komowa gida, mutum fiye da 1,400 suka halaka, har da shugabansu Cloudesley Shovell. Cikin 1714 Majalisar ƙasar ta yi doka, ta sa ladan fam 20,000 ga wanda ya kawo hanyar sanin wannan nisa, in dai kuskurensa bai wuce mil 30 na teku ba bayan tafiya daga Ingila zuwa tsibiran da ke hayin tekun Atlantika. Kuɗin nan dukiya ce mai yawan gaske a zamanin. Aka kuma kafa hukuma ta manyan masana da shugabannin jiragen yaƙi, su zama alƙalai.

Masana sun daɗe da sanin maganin a takarda. Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin sa'a 24. An raba kewayenta kashi 360, kowace sa'a ke nan kashi 15. Shi ya sa rana ta kan yi tsaka a Maiduguri wajen rabin sa'a kafin ta yi tsaka a Sakkwato. In matuƙi yana da agogo mai riƙe da lokacin garin da ya baro, sai ya duba shi sa'ad da rana ta yi tsaka a inda ya ke. Bambancin lokacin nan shi ne nisansa. Amma kuskuren minti 1 ya kan zama mil 15 a wajen tsakiyar duniya. Domin a ci ladan, ba a yarda agogo ya kauce fiye da wajen sakan 3 a yini ba, cikin tafiyar mako 6, yana kan jirgi mai tangaɗi, daga sanyin Ingila zuwa zafin ƙasashen rana. Isaac Newton da kansa, babban masanin zamanin, ya gaya wa Majalisa cewa ba a taɓa ƙera irin wannan agogo ba. Yawancin masana suka sa zuciya ga wata da taurari.

Wajen 1730 Yohanna ya ɗauki zane-zanensa ya tafi Landan. Ya je wurin Edmond Halley, masanin taurari na Sarki, shi kuwa ya aike shi wurin George Graham, wanda ya fi kowa suna cikin maƙeran agogo na ƙasar. Yohanna ya tafi da tsoro, kada babban mutum ya sace dabarar ɗan ƙauye. Suka fara magana da safe, ba su tashi ba sai da dare. Graham bai ɗauki kome nasa ba. Sai ma ya ranta masa kuɗi, ba ruwa ba jingina. Ban san wani abin da ya fi wannan wuya ga mai sana'a ba, ya ga baƙo ya zo da abin da zai fi nasa, ya kuwa buɗe masa jaka.

Ya koma Barrow, ya yi shekara 5 yana ƙera agogon teku na fari, ƙanensa yana taimakonsa. Babu lilo a cikinsa, gama lilo ba ya jure tangaɗi. A maimakonsa ya sa sanduna biyu masu nauyi a kai, haɗe da juna, suna motsi gaba da gaba, yadda duk girgizar da ta ƙara wa ɗaya za ta rage wa ɗaya. Nauyinsa wajen kilo 34. Suka gwada shi cikin kwale-kwale a kogin Humber, sa'an nan cikin 1736 aka sa shi a jirgin yaƙi zuwa Lisbon ta ƙasar Fotugal. Yohanna ya sha jiri da amai a hanya, gama shi ba mutumin teku ba ne. A komowa, da aka hango ƙasa, matuƙin ya ce wuri kaza ne. Yohanna ya duba agogonsa ya ce ba shi ba ne, jirgin yana yamma da can da wajen mil 60. Da aka matso, maganar Yohanna ta fito. Matuƙin, Roger Wills, ya rubuta masa takardar shaida bai ɓoye kuskurensa ba.

Ga abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai. Cikin 1737 hukumar ta taru domin ta duba agogon. Manyan masana suna yabonsa, ga takardar matuƙi a hannu. Yana da iko ya nemi a aika da shi hayin Atlantika nan take, ko Allah ya sa ya ci fam 20,000. Mutum ne kuwa mai iyali, ba shi da wata dukiya. Amma da ya tsaya gabansu, shi da bakinsa ya lissafta aibin aikinsa, abin da ba wanda ya gani sai shi. Ya roƙi a ba shi ɗan kuɗi da lokaci ya yi wanda ya fi. Suka yarda da fam 500. Mu da muka san kasuwa mun san yadda a kan juya ƙwarya a ɓoye gefen da ya tsage, da yadda a kan sa manyan doya a bisa tuli. Shi kuwa ya san in agogon ya yi ƙarya, ba mai sayensa kaɗai zai cutu ba. Mutane ɗari-ɗari ne za su kwanta barci cikin jirgi suna dogara gare shi.

Sai ya kwashe iyalinsa zuwa Landan. Cikin 1738 ɗansa na fari ya rasu yana saurayi. James kuma ya koma Barrow, ya ci gaba da aikin ƙararrawa. Yohanna ya gama agogo na biyu cikin 1739, ya fi na fari ƙarfi. Amma ba da daɗewa ba ya gano wani aibi cikin sandunan, irin wanda ke fitowa sa'ad da jirgi ya ke juyawa. Ya ajiye shi, bai taɓa shiga teku ba.

Na ukun ya ci masa shekara 19, daga 1740 zuwa 1759. Ka yi tunani, ya ɗan'uwana. William yana ɗan shekara 12 aka fara shi, yana da 31 aka ajiye shi. Yaron ya girma a gindin teburin nan, ya koyi riƙon zarto da lissafi, har ya zama hannun daman ubansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gidan yana zaune ne a kan 'yan kuɗin da hukumar ke bayarwa jefi-jefi. Alisabatu ita ce ta riƙe gida duk shekarun nan, tana ganin mijinta yana kwance abin da ya ɗaura bara. Cikin 1749 ƙungiyar masana ta Sarki ta ba shi lambarta ta zinariya, wadda a ke kira ta Copley. Daga baya suka so su shigar da shi cikinsu, ya ce a bar wa ɗansa wannan girma. Aka kuwa zaɓi William cikin 1765. Duk da haka agogo na ukun bai kai inda ya ke so ba. Amma ba a banza shekarun suka tafi ba. Cikinsa ya ƙago ɗan falle na ƙarfe iri biyu manne da juna, mai lanƙwasa da zafi, wanda har yanzu a ke sa irinsa cikin na'urori masu kashe kansu in sun yi zafi. Ya kuma ƙago wani zobe mai 'yan sanduna masu mirginawa a ciki, kakan irin waɗanda ke cikin injuna yau.

Ananan, yana kusa da shekara 60, sai ya ba wani maƙeri, John Jefferys, zane ya yi masa ɗan agogon aljihu. Da ya ga yadda ɗan abin nan ke riƙe lokaci, ya gane hanyar da ya bi shekara 20 da ɗoriya ba ita ce ba: ƙaramin agogo mai saurin bugu ya fi babba jure tangaɗi. Tsoho bai cika son a ce ya sake hanya ba, balle shi ya faɗa wa kansa. Yohanna ya sake. Cikin 1759 ya gama na huɗu. Faɗinsa bai fi tafin hannu da yawa ba, wajen santimita 13, nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Yana bugu 5 cikin sakan 1, an kuma sa 'yan ƙwayoyin lu'ulu'u a inda ya fi shan gogayya.

Da lokacin gwaji ya yi, Yohanna yana da shekara 68, ba shi da ƙarfin teku. William ya tafi a madadinsa. Ran 18 ga Nuwamba 1761 jirgin Deptford ya tashi daga Portsmouth zuwa Jamaika. Aka kulle agogon cikin akwati mai makulli 4, kowane a hannun mutum dabam, domin kada a ce an taɓa shi a ɓoye. A hanya abin shan ma'aikatan jirgin ya lalace, kowa ya ƙosa a kai tsibirin Madera. Shugaban jirgin, Dudley Digges, ya ce da sauran tafiya. William ya duba agogon ubansa ya ce gobe za a ga ƙasa, in dai ba a sake hanya ba. Da gari ya waye, ga ƙasa. Sa'ad da suka isa Jamaika aka yi lissafi, bayan kwana 81, kuskuren agogon wajen sakan 5 ne. A komowa hadiri ya same su, ruwa yana shiga jirgi. William ya naɗe agogon cikin bargo yana tsaronsa kada ya jiƙe. Aikin ran ubansa ne a hannunsa, ya kuwa komo da shi lafiya.

Da a ce tatsuniya ce, da nan ta ƙare. Amma hukumar ta ce mai yiwuwa sa'a ce kawai, sai a sake. Cikin 1764 William ya sake ketare teku zuwa Barbados. Wannan karon kuskuren wajen sakan 39 ne, bai kai mil 10 ba, alhali doka ta yarda da 30. Duk da haka ba a biya ba. Cikin masu awon a Barbados akwai Nevil Maskelyne, malamin majami'a kuma masanin taurari, wanda shi kansa ya ke tallan ɗaya hanyar, ta auna tazarar wata da taurari. Cikin 1765 ya zama masanin taurari na Sarki, ya kuma sami kujera a hukumar.

A nan ya kamata a yi adalci ga kowa. Hukumar tana da hujja: agogo guda ɗaya, wanda ba mai iya yin irinsa sai tsoho ɗaya, ba zai tsirar da jiragen ƙasa duka ba; dole a san yadda aka yi shi, a kuma ga ko wani zai iya. Hanyar wata ita ma ta yi amfani ƙwarai, matuƙa sun daɗe suna aiki da ita. Amma bai dace mai takara ya zauna a kujerar alƙali ba, kuma sake sharaɗi bayan mutum ya cika na fari abu ne mai ɗaci. Shi ma Yohanna ba za mu wanke shi sarai ba. Mutum ne mai zafin rai, mai yawan zato. Ya taɓa tashi ya fita daga zaman hukumar cikin fushi, ya kuma buga takardu masu kaushin magana a kan Maskelyne. Bayaninsa ma a murɗe ya ke, har masu ƙaunarsa su kan sha wuyar gane shi. Hannun da ya yi haƙurin shekara 19 da tagulla, harshen mai shi bai cika haƙuri da mutane ba, wannan kuwa ya ƙara masa wahala.

Duk da ɓacin ransa ya bi doka. Cikin Agusta 1765, a gidansa, ya yi kwana 6 yana kwance agogon ɗaya ɗaya gaban mutum 6 da aka zaɓa, yana bayyana musu kowane abu bisa rantsuwa. Aka cika masa fam 10,000, rabin ladan ke nan, aka karɓe agogon. Shekara ta kewayo Maskelyne ya zo da takardar izini, aka kwashe manyan ukun nan a keken kaya. Aka kuma ba Larcum Kendall, ɗaya daga cikin mutum shidan, aikin yin kwafin na huɗu. Da ya gama, William ya duba ya yaba kyan aikin a fili, ko da ya ke ba na gidansu ba ne.

Aka ce sauran rabin sai Yohanna ya ƙera wasu biyu da kansa. Ga tsufa, ido ya soma raunana. Ya zauna da ɗansa suka gama na biyar, amma a fili ya ke ba zai ga ƙarshen wani ba. Sai William ya rubuta wa Sarki George na Uku cikin 1772, ya kuma je gabansa ya kai kukan ubansa. Sarkin mai son ilmin taurari ne. Ya ji tausayinsu, ya ce shi da kansa zai gwada. Aka ajiye agogon a ɗakin duban taurarinsa mako 10, aka tarar bai kan kauce fiye da sulusin sakan a yini ba. Hukumar ta ƙi karɓar wannan gwaji. Sai aka kai maganar Majalisa, ita kuwa cikin 1773 ta ba shi fam 8,750. Yana da shekara 80. In aka haɗa duk abin da ya samu tun farko, ya ɗara fam 23,000. Amma ladan nan da sunansa na lada, hukumar ba ta taɓa miƙa wa kowa shi cikakke ba.

Ya rayu har ya ga komowar James Cook cikin 1775. Cook ya yi shekara 3 yana yawo cikin tekunan kudu, daga ƙanƙara zuwa zafi, da agogon Kendall a jirginsa, ya kuwa komo yana yabonsa ƙwarai. A shekarar nan Yohanna ya buga littafinsa na ƙarshe, inda ya ce bisa ga hanyarsa ana iya yin agogon lilo wanda ba zai kauce fiye da sakan 1 cikin kwana 100 ba. Mutane suka ɗauka ruɗun tsufa ne.

Ya rasu a gidansa na Landan ran 24 ga Maris 1776, saura 'yan kwanaki ya cika shekara 83. Aka binne shi a filin majami'ar Yohanna Mai Tsarki ta Hampstead. Alisabatu ta bi shi cikin 1777, aka sa ta a kabari ɗaya da shi. William kuma, da ya rasu cikin 1815, nan aka kawo shi. Cikin 1879 ƙungiyar maƙeran agogo ta Landan ta sake gina kabarin, ko da shi ke bai taɓa zama ɗan ƙungiyar ba, tun da ba a hannun ɗayansu ya koyi sana'ar ba.

Manyan agogunansa kuwa an yi watsi da su, suka yi tsatsa cikin danshi, har wani hafsan jirgin ruwa, Rupert Gould, ya same su cikin 1920. Ya roƙi izini, ya yi shekara 13 yana gyaransu ba a biyansa. Maganar nan ta kwana 100 ita ma ba ta faɗi ƙasa ba: wani maƙeri, Martin Burgess, ya bi bayanin tsohon ya ƙera agogo, aka rufe shi aka gwada a Greenwich cikin 2015, cikin kwana 100 bai kauce sakan 1 cikakke ba.

Wanda ya je ɗakin duban taurari na Greenwich zai ga agogunan teku huɗu na fari. Manyan ukun a kan bar su suna tafiya, gama ba su bukatar mai. Na huɗun, ƙaramin nan da William ya naɗe cikin bargo, shi yana bukata, saboda haka a kan bar shi tsaye domin kada ya cinye. Agogon itacen nan kuwa na ɗakin dawakin Brocklesby, bayan shekara 300, yana nan a inda Yohanna ya kafa shi, yana nuna lokaci.